Wayar mamaci: tun yaushe aka fara rigimar gadon asusu?

Mu masu gyara a Farm Centre mun saba da wannan: a kawo maka waya a leda, a ce "ta marigayi ce, a taimaka a buɗe." Wani sa'in hotuna ake nema, wani sa'in kuɗin da ke OPay ko banki, wani sa'in sunayen waɗanda yake bin bashi. Kuma sau da yawa abin da za mu iya shi ne fulashin, wanda ke share komai ɗin da suka zo nema.

Matsalar ta girmi Android. A watan Nuwamba na 2004 aka kashe wani sojan Amurka, Justin Ellsworth, a Falluja ta Iraƙi. Mahaifinsa ya nemi Yahoo ta ba shi saƙonnin imel ɗin ɗansa, kamfanin ya ƙi, wai ƙa'idarsu ba ta yarda a miƙa asusu ga wani ba. Sai da wata kotu a Michigan ta ba da umarni a 2005 sannan aka ba shi. Ka ga uba ne fa, amma sai da alƙali ya sa baki.

Daga nan kamfanoni suka fara farkawa, amma a hankali. A 2013 Google ta fito da Inactive Account Manager: ka zaɓi wata 3, 6, 12 ko 18, in aka ji ka shiru tsawon lokacin, a tura bayananka ga mutanen da ka ambata, har mutum goma. Facebook ta kawo Legacy Contact a 2015, Apple kuwa sai ƙarshen 2021. A Jamus, babbar kotu ta yanke a 2018 cewa asusun Facebook gado ne kamar wasiƙu, bayan iyayen wata yarinya da jirgin ƙasa ya kashe a Berlin a 2012 sun sha shekaru suna shari'a.

Mu a Kano rabon gado ba baƙonmu ba ne. Malami ya san lissafinsa: a biya bashi, a zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba. Amma malami abin da aka kawo gabansa yake rabawa. Da takardar fili na cikin akwati, kowa ya san inda take. Yanzu tun da BVN ta zo a 2014, lalitar mutum ta koma rataye a layin wayarsa, kuma layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani kan sake sayar da shi ga wani.

Ni a ganina wannan ya fi kalmar sirri haɗari. Kwanaki wata baiwar Allah daga Gyaɗi-Gyaɗi ta zo da wayar mijinta, ta san lambar buɗewa ma, amma layin ya fi shekara a ajiye. Muka kira lambar, wani mutum daban ya ɗauka.