Tarihin ƴan sikawut na Aljeriya da gardamar da ta raba su

Yau hirarmu ta tarihi za ta kai mu ƙasar Aljeriya, maƙwabciyarmu ta arewa. In ka bar Agadas ka wuce Arlit, ka kai Asamaka, to ka iso bakin iyakarta. Su ma Faransa ce ta mulke su kamar mu, amma nasu mulkin ya fi namu daɗewa, tun daga 1830 har 1962. Za mu ga yadda wata ƙungiyar yara ta tashi a can, da yadda manyanta suka yi ta gardama a kan abu uku: wa za a karɓa a cikinta, wa zai shugabance ta, kuma ko ya dace ta shiga siyasa.

Mene ne sikawut?

Wataƙila kun taɓa ganinsu ranar wani buki, yara da samari masu tufafi iri ɗaya, kowane da ƙyalle ɗaure a wuya. Su ne ƴan sikawut. Wani hafsan sojan Ingila mai suna Baden-Powell ya ƙago abin. A watan Agusta na 1907 ya kwashi yara 20 ya kai su wani ƙaramin tsibiri a kudancin Ingila. Suka kafa tanti, suka koyi hura wuta da dafa abinci da bin sawu da ɗaure rauni. A 1908 ya rubuta littafi a kan wannan horo, sai ƙungiyoyi suka yi ta tsira a ƙasashe da yawa.

Ku riƙe wata dabara tasa, don sauran labarin a kanta yake. Ya raba yaran rukuni-rukuni, kowane rukuni yara shida zuwa takwas. Shugaban rukuni yaro ne daga cikinsu. Shi ke raba aiki, shi ke lura da ƙananansa, shi ake tambaya in abu ya ɓaci. Babba yana gefe, yana ba da shawara, kuma ba a biyansa ko dala. Ta haka yaro ɗan shekara 14 ke koyon riƙon jama'a tun gemu bai fito ba.

Dokar ƙungiyar ta duniya ta ce aikinta tarbiyya ne, ƙofarta a buɗe take ga kowa, kuma ba ta bin wata jam'iyyar siyasa. Faɗin haka da sauƙi. Tun a 1909 ƴan mata suka zo wani babban taron sikawut a birnin Landan suka ce su ma a sa su. Manya suka yi ta shawara, a 1910 aka buɗe wa mata tasu ƙungiya daban.

Wa za a karɓa?

A Faransa an kafa ƙungiyoyin sikawut bisa addini. A 1911 aka yi ɗaya ta ƴan Furotesta da ɗaya wadda ba ruwanta da addini. A 1920 aka yi ta ƴan Katolika, a 1923 aka yi ta Yahudawa. Turawan da ke zaune Aljeriya suka kai waɗannan ƙungiyoyi can. Musulmi, waɗanda su ne mafi yawan mutanen ƙasar, ba su da tasu. Yaro Musulmi yana iya shiga wadda ba ruwanta da addini, amma da Faransanci ake komi, tutar Faransa ake gaisarwa, shugabanni kuma galibi Turawa ne. Kaɗan ne suka shiga, yawancinsu ƴan lakkwal na birni.

A 1930 Faransa ta yi babban buki na cika shekara 100 da cin Aljeriya. Bukin ya yi wa Musulmi zafi ƙwarai. A 1931 malaman ƙasar suka kafa ƙungiyarsu, Shehu Abdulhamid Ben Badis na birnin Kwanstantin ya zama shugaba. Suka shiga buɗe makarantun Larabci da kuɗin jama'a. Samarin da ke sauraron waɗannan malamai suka ga amfanin horon sikawut, suka ce me zai hana su yi nasu?

Ɗaya daga cikinsu shi ne Muhammadu Buras. An haife shi a garin Miliyana a 1908. Ya koma babban birni Alje, yana aikin buga takardu a ofis, yana kuma buga ƙwallo. A 1935, yana da shekara 27, ya kafa rukunin sikawut mai suna Al-Falah a tsohuwar unguwar birnin. Wasu garuruwa ma suka kafa nasu. A watan Yuli na 1939 suka taru kusa da Alje suka haɗe wuri ɗaya, da sunan Ƙungiyar Sikawut Musulmi ta Aljeriya. A cikinta ana salla a kan lokaci, ana waƙoƙi da Larabci, ana wasan kwaikwayo a kan tarihin ƙasa. Shugabanni duka ƴan ƙasa ne, yawancinsu samari.

Hukumar mulkin mallaka ba ta saki jiki da su ba. Tana ganin yara suna tafiya a sahu, suna bin umurnin ɗan uwansu, suna rera son ƙasa. Yaƙin duniya na biyu ya tashi a 1939, Jamus ta ci Faransa a 1940. A 1941 aka kama Buras, aka tuhume shi da hulɗa da Jamusawa, kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa. Aka harbe shi ranar 27 ga Mayu 1941, yana da shekara 33. Wannan rana ce Aljeriya ta mayar ranar tunawa da sikawut.

Ranar 8 ga Mayu 1945

Mutuwar Buras ba ta kashe ƙungiyar ba, sai ma ta ƙara yawa. A 1944 shugabanninta suka yi babban zango a garin Tilimsan, manyan malamai da ƴan siyasa suka je suka gaishe su. Kowane ɗan siyasa ya san darajar samari masu horo da suka iya tsara taro.

Ranar 8 ga Mayu 1945 aka gama yaƙi a Turai. A garin Setif Musulmi suka fito jerin gwano. Suna murnar ƙarshen yaƙi, suna kuma neman a saki Mesali Hajj, shugaban masu neman ƴanci, wanda Faransa ta kai Barazabil ta tsare. Hukuma ta yarda a fito, amma ta hana ɗaga tutar Aljeriya. Aka sa ƴan sikawut a gaba da tufafinsu. Wani saurayinsu mai suna Buzid Sa'al ya ɗaga tutar, ya ƙi saukewa, ɗan sanda ya harbe shi ya mutu.

Daga nan gari ya rikice. A Setif da kewaye aka kashe Turawa kamar 100. Sojan Faransa da Turawa masu bindiga suka rama a kan ƙauyuka, a Setif da Gelma da Kerrata, sati bayan sati. Dubban Musulmi suka mutu. Gwamnatin Aljeriya tana cewa 45.000 ne, hukumar Faransa ta wancan lokaci ta faɗi adadi ƙasa da haka nesa. Aka rufe rukunonin sikawut da yawa, aka kama shugabanninsu.

Gardamar da ta raba gida

Bayan wannan jini, manyan ƙungiyar suka kasu biyu. Ku saurari hujjar kowane ɓangare da kyau, don dukansu masu son ƙasarsu ne, dukansu kuma aikin sa kai suke yi.

Ɓangare na farko suna ganin sikawut makaranta ce. Iyaye sun ba da ɗiyansu amana don a koya musu gaskiya da tsabta da taimakon mutane. In ƙungiya ta bi jam'iyya ɗaya, uban da ke wata jam'iyya zai janye ɗansa. Hukuma kuma za ta sami dalilin rufe ta, a rasa har ɗan abin da ake da shi. Suna tuna wa ƴan uwansu Setif, inda aka sa yara a gaba, harsashi ya fara da su. A ganinsu a gina mutum tukuna, in ya girma ya zaɓi hanyarsa da kansa.

Ɓangare na biyu yawancinsu matasa ne, sun tashi cikin rukuni tun suna ƙanana. Suna cewa an sa su alkawarin yi wa ƙasarsu aiki, to wace ƙasa? An koya musu su duba, su yi tunani, su yanke shawara. Sun duba, sun ga ƙauyuka a ƙone, sun ga yara da yawa ba makaranta. A ganinsu wanda ya yi shiru a irin wannan hali ya taimaki mai mulki ne. Suna kuma cewa ƙungiyoyin sikawut na Turawa suna gaida tutar Faransa kullum, ba wanda ya kira wannan siyasa.

A 1946 magoya bayan Mesali Hajj suka kafa jam'iyyar MTLD, samarin sikawut da yawa suka shige ta. A 1947 ƴan sikawut na Aljeriya suka je babban taron sikawut na duniya da aka yi a Faransa. A shekarar nan kuma wasunsu suka je taron matasa na duniya a birnin Firag, wanda ƴan kwaminis ke da hannu a ciki. Wannan tafiya ta ƙara hura wutar gardama.

A 1948 tulu ya fashe. Masu kusa da MTLD suka fi rinjaye, suka riƙe ƙungiyar da sunanta. Waɗanda ba su yarda ba suka fita, suka kafa wata ƙungiyar sikawut ta Musulmi wadda ta ce ba ruwanta da jam'iyya. Mutanen da suka kwana tanti ɗaya shekara da shekaru suka koma kowa da nasa zango.

Abin da ya biyo baya

Ranar 1 ga Nuwamba 1954 yaƙin neman ƴanci ya tashi. Cikin mutum shida da suka shirya shi akwai Larbi Ben Mhidi da Didush Murad, dukansu tsofaffin ƴan sikawut. Didush ya mutu a fagen fama a 1955 yana da shekara 27. Ben Mhidi kuwa sojan Faransa suka kama shi suka kashe shi a 1957. Abin da suka koya suna yara, wato karanta taswira da tafiyar dare a duwatsu da riƙon ƙaramin rukuni, ya yi musu amfani a daji. A nan masu hujja ta biyu za su ce tarihi ya ba su gaskiya.

Amma labari bai ƙare ba. Aljeriya ta sami ƴanci a 1962, a 1963 ƙungiyar sikawut ta duniya ta karɓi tata ƙungiya. Ƙasar ta zama mai jam'iyya ɗaya, FLN. A 1975 gwamnati ta haɗa ƙungiyoyin matasa duka, har da sikawut, cikin babbar ƙungiya ɗaya da ke ƙarƙashin jam'iyyar. Ƙungiyar da ta ƙi bin umurnin Turawa ta koma karɓar umurni daga ofishin jam'iyya. Sai a 1989, da aka yarda da jam'iyyu da yawa, ta sake tsayawa da ƙafarta. A nan kuma masu hujja ta farko za su ce abin da suka ji wa tsoro ya faru.

Mu ma mun san irin wannan. Samariya tsohuwar al'adarmu ce, samari ke zaɓen sarkinsu, su yi gayya, su gyara rijiya, su tarbi baƙi. Bayan 1974 gwamnatin Seyni Kunce ta farfaɗo da ita, ta tsara ta daga ƙauye har Yamai. An gina azuzuwan lakkwal, an dasa itatuwa, amma umurni daga sama yake saukowa.

Jama'a, duk ƙungiyar da ta iya horon samari, masu iko za su so ta zama tasu, ko baƙi ne ko ƴan gida. Yaron da aka koya wa tunani kuma ba ya rufe ido ga halin da garinsu ke ciki. Saboda haka gardama ba ta rasa tashi. Abin lura shi ne wa ke yanke shawara in ta tashi. A Setif manya suka shirya jerin gwano, yara suka tsaya a gaba. A 1975 manya suka sa hannu a takarda, aka mayar da yara wani gida. In kana riƙe da ɗiyan mutane a wata ƙungiya, kafin ka kai su wani wuri sai ka tara su da iyayensu, ka faɗa musu inda za a je da abin da zai iya faruwa, ka ji ta bakinsu. Wanda ya ce ba ya zuwa, kada a kore shi.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Me ya sa samarin Musulmi na Aljeriya suka kafa tasu ƙungiya a 1935?
2. Da kana cikinsu a 1948, wane ɓangare za ka bi? Faɗi dalilinka.
3. A ƙungiyar samari ko ta ƴan mata ta garinku, wa ke zaɓen shugaba?
4. Akwai wanda ba a karɓa a cikinta? Wa ya yanke haka?

Kowa ya rubuta amsa ɗaya a littafinsa, ko da layi biyu ne, ya karanta wa ƴan ajinsu. Mai koyarwa ya tattara amsoshin ya aiko mana.