Neman Takardun Hukuma a Tamanrasset: Wace Takarda, a Wane Ofishi, Cikin Kwana Nawa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Tamanrasset shi ne babban garin kudancin Aljeriya, a gindin duwatsun Ahaggar, kusan kilomita 2,000 daga Aljiyas babban birnin ƙasar, kuma kimanin kilomita 400 daga In Gezzam da ke kan iyaka da Nijar. A nan hanyar Agadas da Arlit da Assamaka take ɓullowa, shi ya sa Hausa ba baƙon harshe ba ce a kasuwannin garin da masallatansa. Akwai 'yan'uwa fatake da masu sana'ar hannu da ɗalibai, wasu an haife su can, wasu sun yi aure can, wasu kuma sun binne iyayensu can.

Abin da ya kamata kowannensu ya riƙe shi ne: a wurin hukumar Aljeriya, haihuwa ko aure ko mutuwar da ba a rubuta a rajista ba, sai an sha wahalar kotu kafin a amince da ita. Ko kowa a unguwa ya ci ragon suna, makaranta takarda za ta tambaya. Wannan bayani zai nuna ofishin da ke riƙe da kowace takarda, da wanda ke da haƙƙin nemanta, da wa'adin da doka ta yanka.

Yadda aka tsara mulkin yankin

Matakai uku ne. Na sama ita ce wilaya, kamar jiha a Nijeriya da Nijar, shugabanta ana kiransa wali, wato gwamna, kuma naɗa shi ake yi. A ƙarƙashinta akwai da'ira. Na ƙasa ita ce baladiyya, wato ƙaramar hukuma, wadda mutanen Nijar suka sani da ma'aikatar magajin gari. Baladiyya tana da zaɓaɓɓiyar majalisa mai wa'adin shekara 5, ana taƙaita sunanta da haruffan Faransanci APC. Shugaban wannan majalisa shi ne jami'in rajistar jama'a a hukumance, ko da yake yakan wakilta ma'aikata su sa hannu a madadinsa.

Tamanrasset ta zama wilaya a 1974, lambarta 11. A ƙarshen 2019 aka yi dokar da ta fitar da In Salah da In Gezzam daga cikinta suka zama wilayoyi masu cin gashin kansu. Yanzu baladiyyoyi biyar suka rage mata: Tamanrasset, In Amgel, Abalessa, Idles da Tazruk. Wanda aka haifa a In Gezzam ko Tin Zawatin kafin wannan rabo, takardarsa tana nan a littafin baladiyyar da aka rubuta shi, abin da ya sauya shi ne wilayar da yake ƙarƙashinta. Ofisoshi suna aiki daga Lahadi zuwa Alhamis, Juma'a da Asabar hutu ne.

Rajistar haihuwa da aure da mutuwa

Dokar da ke tafiyar da wannan fanni ita ce mai lamba 70-20 ta 19 ga Fabrairu 1970, wadda aka yi wa gyara a 2014 da 2017. Kowace baladiyya tana riƙe littattafai uku: na haihuwa, na aure, na mutuwa. Kowane littafi kwafi biyu ake yin sa. A ƙarshen shekara ɗaya ya zauna a baladiyya, ɗaya a kai shi ma'ajiyar babbar kotun yanki. Amfanin haka shi ne idan gobara ko ruwa ko gara ta ci na baladiyya, akwai inda za a koma.

Haihuwa. A arewacin ƙasar kwana 5 ake bayarwa a kai rahoto. A wilayoyin kudu, har da Tamanrasset, gyaran 2014 ya mai da wa'adin kwana 20 saboda nisan wurare. Uba ko uwa ko likita ko ungozoma ko wanda aka haihu a gidansa, kowannensu na iya kai rahoton, kuma ƙin kaiwa laifi ne mai hukunci. Idan a asibiti aka haihu, yawanci asibitin ne ke miƙa bayanin, amma kada uba ya saki jiki. Ya je da kansa ya tabbatar an shigar da jaririn, ya karɓi lambar takardar, ya duba yadda aka rubuta sunan. Tun da mu sai ran bakwai ake raɗa suna, gara a tsai da sunan tun da wuri, a sanar da shi ga asibiti, don kada wanda ke takarda ya saɓa da wanda liman ya faɗa.

Aure. Dokar iyali ta 1984, wadda aka gyara a 2005, ta ce ana ƙulla aure ne a gaban jami'in baladiyya ko a gaban muwassiƙ, wato marubucin yarjejeniya da hukuma ta rantsar, wanda ake kira notair da Faransanci. Dole a sami waliyyi da shaidu biyu da sadaki, ango da amarya kowa ya cika shekara 19 sai dai in alƙali ya ba da izini, kuma kowannensu ya kawo takardar likita da ba ta wuce wata 3 ba. Bayan haka ake ba su littafin iyali, inda za a riƙa shigar da kowane yaro. Fatiha kaɗai ba ta shigar da aure a rajista. Ma'aikatar harkokin addini ma ta umarci limamai da su nemi ganin takardar hukuma kafin su ɗaura. Auren da aka ɗaura a gida ba a rubuta ba, sai an shigar da ƙara, an kawo shaidu, alƙali ya tabbatar da shi. Wanda ya fi cutuwa da wannan sakaci ita ce mace, ranar da miji ya rasu ko ya yi tafiya bai dawo ba, sai kuma 'ya'yanta. Idan ɗaya daga cikin ma'auratan ɗan Aljeriya ne ɗayan baƙo, sai an fara samun izinin gwamna daga ofishin wilaya.

Mutuwa. Wa'adin kai rahoto awa 24 ne a arewa, kwana 20 a kudu. Sai dai ba a binne gawa ba tare da izinin jami'in rajista ba, shi kuma takardar likita yake dogara da ita. Kwamitin jana'iza na masallaci ya san wannan kafin buƙata ta taso. Takardar mutuwa ita ce mabuɗin rabon gado, domin da ita da takardun iyali ne muwassiƙ zai rubuta farila, takardar da ke jera magada da rabon kowa.

Yadda ake karɓar kwafi

A da, wanda aka haifa a Tazruk yana zaune a Aljiyas sai ya yi tattaki ko ya aika a karɓo masa takarda. Gyaran 2014 ya kafa rajistar ƙasa ta kwamfuta wadda ta haɗa dukkan baladiyyoyi, don haka yanzu ana iya fitar da takardar haihuwa ko aure ko mutuwa a kowace baladiyya ko reshenta na unguwa. Daga ƙarshen 2020 kuma ma'aikatar cikin gida ta buɗe hanyar neman su ta intanet.

Mai nema ya je da abu huɗu: cikakken suna kamar yadda aka rubuta shi, shekarar da abin ya faru, sunan baladiyyar, da lambar takardar. Lambar nan tana cikin littafin iyali ko tsohon kwafi, kuma ita ke gajarta bincike. Takardar haihuwa tana aiki har shekara 10 muddin babu abin da ya sauya. Akwai kuma ta musamman mai suna 12S, wadda ake amfani da ita wajen fasfo da katin ɗan ƙasa na zamani.

Ba kowa ake bai wa cikakken kwafin takardar haihuwar wani ba. Doka ta keɓe shi ga mai takardar, iyayensa da kakanninsa, 'ya'yansa da jikokinsa, mijinta ko matarsa, wakilinsa na shari'a, da mai gabatar da ƙara na gwamnati. Wanda ba ya cikin waɗannan sai da izinin shugaban kotu. Haka nan ba a barin mutum ya zauna yana buɗa littattafan da hannunsa. Sai sun shekara 100 ake mai da su ma'ajiyar tarihi ta wilaya, inda ɗalibai masu bincike za su iya neman gani.

Idan babu sunan mutum ko an yi kuskure

Wannan matsala ta fi yawa a kudu. Faransa ta kafa rajistar Musulmin Aljeriya da dokar 1882, amma Sahara a ƙarƙashin mulkin soja take, makiyaya da yawa ba a rubuta su ba sai bayan samun 'yancin kai a 1962. Shi ya sa za ka ga dattijo takardarsa tana ɗauke da shekarar kirdado, babu rana babu wata. Ga kuma rikicin rubuta suna ɗaya da Larabci da haruffan boko: Muhammadu a wannan takarda, Mohamed a waccan, Mahamadou a fasfo. Harafi ɗaya yana iya tsai da takardar karatu ko rabon gado.

Idan kwana 20 suka wuce, ma'aikacin baladiyya ba shi da ikon shigar da yaro, kome roƙon da za a yi masa. Sai a rubuta buƙata zuwa ga mai gabatar da ƙara, wanda ake kira wakilul jumhuriyya, a haɗa da takardar asibiti ko shaidu, da takardar auren iyaye, da shaidar baladiyya cewa ba a rubuta yaron ba. Shi zai miƙa wa shugaban kotu ya ba da umarni. Kuskuren alƙalami, kamar harafin da ya faɗi, mai gabatar da ƙara na iya sa a gyara kai tsaye. Wanda ya taɓa asalin bayani, kamar sunan uba ko shekarar haihuwa, sai alƙali. Tun gyaran 2017 ana iya shigar da irin wannan buƙata a kowace kotu a faɗin ƙasar.

Shawarwarin majalisa da kasafin kuɗi

Takardun hukuma ba su tsaya ga na iyali ba. Dokar baladiyya mai lamba 11-10 ta 22 ga Yuni 2011 ta ce majalisa tana zaman yau da kullum duk bayan wata biyu, zaman a buɗe yake ga jama'a, kuma ana liƙa taƙaitaccen abin da aka zartar a allon sanarwa cikin kwana 8 da fara aikinsa. Sashe na 14 ya bai wa kowa damar duba shawarwarin da umarnin shugaban baladiyya, mai buƙata kuma ya karɓi kwafi da kuɗinsa. Wani umarnin gwamnati na Yunin 2016 ya fayyace hanyar: a rubuta buƙata zuwa ga shugaban majalisa, a faɗi takardar da ake so, ba dole a faɗi dalili ba, kuma dubawa kyauta ce a cikin ofis. Ta wannan shekara a ranar ake bayarwa, wadda ba ta kai shekara 10 ba cikin kwana 3, wadda ta wuce haka cikin kwana 5. Ba a nuna abin da ya shafi tsaro, ko ladabtar da ma'aikaci, ko shari'ar da ke gudana, ko sha'anin wani mutum shi kaɗai. Kwamitin unguwa da ke son sanin ko an ware kuɗin ruwa ko hanya ko gyaran makarantar firamare, nan ne wurin farawa. A riƙe kwafin buƙatar mai ɗauke da hatimi da kwanan wata.

Takardun da ba a baladiyya suke ba

Takardar shaidar wurin zama da izinin gini na baladiyya ne. Amma shaidar zama ɗan ƙasa da takardar da ke nuna ko an taɓa hukunta mutum, a kotu ake karɓarsu. Mallakar fili ko gida tana ofishin rajistar filaye, wanda ke ba da littafin mallaka. Takardar cinikin fili da aka rubuta tsakanin mutum biyu da shaidu ba ta mai da mallaka a dokar ƙasar, sai an bi ta hannun muwassiƙ. Katin zama na baƙi kuwa ta ofishin 'yan sanda ake shigar da takardunsa, gwamna ke bayarwa.

Ga 'yan Nijar da Nijeriya

Haihuwa a Tamanrasset ba ta mai da yaro ɗan Aljeriya. Ta uba ko ta uwa ake gadon ƙasa, kamar yadda gyaran 2005 ya tanada. Duk da haka ana rubuta haihuwar ɗan baƙo, kuma takardar baladiyya ita ce zai kai wa ƙasarsa. Nijar da Mali suna da ƙaramin ofishin jakadanci a Tamanrasset, na Nijeriya kuma yana Aljiyas. A kai takardar can a shigar da yaron. Da Larabci ake rubuta takardun, don haka kafin a koma gida a nemi rantsattsen mai fassara, a kuma tambayi ofishin jakadancin irin hatimin da ake buƙata. Wanda ba shi da takardun zama yana tsoron zuwa ofis, aƙalla kada ya bar asibiti ba tare da shaidar haihuwa ba. Ya adana ta, ya ɗauki hotonta a waya ya aika gida, ya nemi shawarar ofishin jakadancinsa tun kwana 20 ba su cika ba.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Idan bashi ya cancanci a rubuta shi, nasabar yaro da haƙƙin mace da rabon maraya sun fi cancanta. Muna kira ga limamai da shugabannin al'umma su riƙa tambayar takarda a wurin suna da ɗaurin aure, su kuma taimaka wa waɗanda ba su iya karatu ba. Allah Ya sa mu dace, amin.