Tarihin Matse Hoto Mai Motsi Domin Aikawa ta Layin Sadarwa

A shekarar 1964 kamfanin tarho na AT&T ya nuna wata na'ura mai suna Picturephone a bikin baje kolin duniya na birnin New York, wadda mai magana ke ganin fuskar abokin maganarsa a cikinta. An fara kasuwancinta a 1970, amma jama'a suka guje ta saboda tsada. Dalili kuwa shi ne hoto mai motsi kaya ne mai nauyi, layin tarho kuma don murya aka yi shi.

Daga fannin lissafi mafita ta ɓullo. A 1972 Nasir Ahmed, haifaffen Indiya mai koyarwa a Amurka, ya kawo dabarar da ake kira DCT, aka buga ta a 1974 tare da T. Natarajan da K. R. Rao. Akan yanka hoto ƙanana-ƙanana, a tsame abin da ido ke lura da shi, a zubar da saura. Sai aka haɗa ta da wata dabarar: maimakon a aika kowane hoto cikakke, a aika abin da ya canja kawai tsakaninsa da wanda ya gabace shi. A kan wannan harsashi aka gina ma'aunin H.261 don layuka masu ɗaukar kilobit 64 a daƙiƙa da ninkin-ba-ninkinsa, daga bisani aka sami H.264 a 2003.

Duk da haka da sauran aiki, domin intanet kamar kogi take, wani lokaci ta cika, wani lokaci ta janye. Saboda haka aka koma ajiye bidiyo ɗaya a matakan inganci dabam-dabam, a daddatsa shi guntu-guntu na 'yan daƙiƙoƙi. Na'urar mai kallo ita ke auna saurin layi, ta zaɓi guntun da zai iso a kan lokaci: daidai ruwa, daidai tsaki. Kamfanin Apple ya fito da irin wannan tsari a 2009, aka kuma tsayar da ma'aunin duniya na MPEG-DASH a 2012.

A watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta tsare mutane a gida, Tarayyar Turai ta ji tsoron kada layuka su cushe. Netflix ya amince ya rage nauyin bidiyonsa a Turai da kimanin kashi 25 cikin 100 na tsawon kwana 30, domin masu aiki da masu karatu daga gida su sami hanya.