Tsohon Fili: Yadda Mutanen Bavariya Suka Nemo Asalin Bikinsu

Duk wanda ya ji sunan Oktoberfest, giya ce ke fara zo masa a rai. Amma bikin da dawaki ya soma. Ran 12 ga Oktoba 1810 Yarima Ludwig na Bavariya ya auri Gimbiya Therese, bayan kwana biyar aka yi sukuwa a wani fili a bayan birnin Munik. A 1811 aka ƙara da nunin amfanin gona. Sannu a hankali rumfunan giya suka mamaye filin, dawaki suka ja da baya, har daga sukuwar 1960 ba a sake yin wata ba sai 2010.

A wannan shekarar bikin ya cika shekara 200, sai aka keɓe wani sashe aka maido da sukuwa, da lilon dā, da bushe-bushen gargajiya, da kofunan yumɓu maimakon na gilashi. Jama'a suka yi na'am. Daga 2011 sashen ya zauna da sunan Oide Wiesn, watau Tsohon Fili, ko da yake sukuwar ba ta ɗore ba.

Abin lura shi ne, babban filin kyauta ake shigarsa, tsohon kuwa sai an biya. Gadon da aka yi sakaci da shi, da kuɗi ake fanso shi.