3.4 Shigowar Amsa-kuwwa Cikin Waƙoƙin Ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum

Kafin zuwan na'urar ɗaukar magana, wurin da aka yi waƙa shi ne ke ba ta amonta. Makaɗin da ya tsaya a ƙofar fadar Sarkin Zamfaran Anka, ko ta Sarkin Mafaran Gummi, ko ta Sarkin Dankon Bukkuyum, a fili yake waƙa, kuma fili ba ya mayar da murya. Saboda haka 'yan amshi ne ke cike masa gurbi, su karɓe ɗiyan waƙa kafin muryarsa ta faɗi. In kuwa an shiga soro, to bangon ƙasa da rufin baka sukan mayar da sauti kaɗan, ba har ya rufe magana ba. Wanda ya saurari faya-fayen Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, zai ji kowace kalma a fili bisa kotso.

Amsa-kuwwar na'ura kuwa daga ƙasashen waje ta faro. A 1957 kamfanin EMT na Jamus ya ƙera wani faifan ƙarfe mai kwaikwayon amon babban ɗaki, a 1976 kuma ya fito da mai aiki da lissafi. A 1996, wato shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, kamfanin Steinberg ya fito da tsarin VST, wanda ya sa aikin ya koma cikin kwamfuta. Ta hanyar waƙoƙin finafinan Kano, musamman bayan fitowar Sangaya, wannan amo ya iso garuruwan nan cikin kaset, daga baya kuma cikin waya. Kunnuwan jama'a sun riga sun saba da irinsa a waƙoƙin Indiya, don haka bai zo musu a baƙo ba. Masu haɗa sauti suna kiransa eko.

Sai dai a nan akwai matsala. Waƙar soyayya tana jure eko mai yawa, domin jan murya ake nema. Waƙar fada kuwa kirari ce da zambo da habaici, kuma Hausar Zamfara cike take da baƙaƙe masu ƙarfi, irin na "hwadda" da "shi at". Idan wutsiyar sauti ta yi tsawo, sai kalma ta hau kan 'yar'uwarta, amshi ya cuɗe da jagora, har wanda aka yi wa habaicin ma ya kasa gane da shi ake.