Ɓatan Dadiyata da Kasuwar Jita-jita

Da tsakar dare, wayewar garin 2 ga Agusta, 2019, wasu mutane suka bi Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, har cikin gidansa da ke Barnawa a Kaduna, suka yi awon gaba da shi a motarsa. Malami ne a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, jihar Katsina, kuma ɗan Kwankwasiyya mai kaifin alƙalami, wanda ya yi suna a Twitter wajen caccakar gwamnatin Ganduje.

Wannan kaifin ne ya sa tun ranar farko jama'a suka karkata ga siyasa. Hukumar DSS ta ce ba ya hannunta, 'yan sanda suka ce suna bincike. Da binciken ya ƙi haifar da komai, sai kasuwar jita-jita ta buɗe. Wasu suka nuna Kano da yatsa, wasu Kaduna, wasu Abuja, kowa dai inda abokin adawarsa yake. Babu wanda ya kawo hujjar da kotu za ta karɓa.

Duk da haka, surutun ya yi rana. Taken #WhereIsDadiyata da matsin lambar ƙungiyar Amnesty International su suka hana a binne maganar, domin duk watan Agusta sai an sake tayar da ita. Amma iyalinsa na cikin halin da zato ba ya warkarwa: ba su gan shi ba balle su yi murna, ba su ga gawa ba balle su zauna makoki. Alhakin amsar yana wuyan hukuma, wadda kare ran ɗan ƙasa shi ne aikinta na farko.