Yadda Ake Haɗa Mazaunin Talabijin Na Katako Mai Ƙwari

Idan akwai talabijin a gidanka ko a zauren da kuke ɗaukar darasi, dubi abin da aka ɗora ta a kai. A Gabi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, cikin gundumar Madarunfa, sau da yawa za ka tarar da ita bisa turmi, ko kwali, ko tsohuwar kujera mai gurguwar ƙafa. Da dare kuwa yara ne ke zama gaba, daf da ita, lokacin labarun Télé Sahel ko finafinan Kano.

Tsohuwar talabijin mai ƙeya, wadda girmanta ya kai inci 21, nauyinta yakan kai kilo 20 ko fiye. Mafi yawan nauyin nan yana gaba, wurin gilashi. Saboda haka in ta tashi faɗuwa, gaba take yi, wato kan wanda ke zaune a gabanta. Yaro mai rarrafe da ya kama waya ya ja, yana iya jawo ta kansa. Sabuwar mai falle ba ta kai wannan nauyi ba, amma ƙafafunta ƙanana ne, turi kaɗan ke kayar da ita.

Awo kafin yanka

Fara da auna gindin talabijin ɗinka, tsawo da faɗi. Ƙara santimita 10 a kan kowane awo. Misali, in ka sami tsawo 60, faɗi 45, to saman mazaunin zai zama 70 da 55. Rubuta lambobin a takarda, kada ka dogara ga tunani.

Batun tashinsa daga ƙasa shi ne inda mutane suka fi kuskure. Kowa so yake a ɗaga talabijin sama, don na baya su gani. Amma abu mai tsayi da siririn gindi ba ya da wuyar kifewa. Ka'idar ita ce, kada tashinsa ya wuce faɗinsa. Ga masu zama bisa tabarma, santimita 45 ta isa, don gilashin talabijin zai zo daidai da idon mai zaune. In taro ya yi yawa, gara a jera manya a baya da a ƙara wa mazaunin ƙafa.

Zaɓen katako

Dajin Baban Rafi yana kusa da mu, amma ba wurin da mutum zai shiga da gatari ya sari abin da ya ga dama ba ne. Tun 1992 Nijar ta kafa tsarin kasuwannin itace na karkara, dokar gandun daji ta 2004 kuma ta tanadi hukunci ga mai sara ba da izini ba. Gawo yana cikin itatuwan da aka kare. Don haka sayi katako wurin masu sayarwa, ko ka nemi izinin ma'aikatan gandun daji in bishiyar gonarka ce za ka yi amfani da ita.

Dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, yana da ƙwari, gara kuma ba ta cika son sa ba. Jan katako ma yana da kyau. Farin katako ya fi araha, ya fi sauƙin aiki, amma gara na cin sa da wuri. Kowanne ka zaɓa, ya zama busasshe. Ɗanyen katako yana lanƙwashewa in hunturu ya shigo, ƙusoshi su saki. Guji allon nan na garin katako da aka matse: da ya sha ruwan damina sai ya kumbura ya ruɓe.

Za ka bukaci ƙafafu 4 masu kauri santimita 5 ta kowane gefe, da alluna masu kauri santimita 2 da rabi don sama, da sirara 8 na ɗamara, da wasu 3 na tokari. Sai zarto, da guduma, da igiyar awo, da gam, da ƙusoshi. Tsawon ƙusa ya kai ninki uku na kaurin allon da za ta ratsa.

Haɗawa

Yanke ƙafafun tare, ka jera su ka tabbata babu wadda ta fi wata. Haɗa su da ɗamara 4 a sama, sannan wasu 4 a ƙasa, kamar santimita 10 daga ƙasa. Shafa gam a kowace mahaɗa kafin ka buga ƙusa, ka kuma sa ƙusa biyu, don ƙusa ɗaya juyawa take. Daki bakin ƙusar da guduma ya ɗan dakushe, ta haka ba za ta tsaga katako ba.

Yanzu gwada ko kusurwoyi sun daidaita. Auna daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantar ta a karkace, sannan ka auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu sun zo ɗaya, aiki ya miƙe. In sun bambanta, matsa firam ɗin har su daidaita tun gam bai bushe ba.

Sai tokari, wanda shi ne ƙashin bayan aikin. Ɗauki siririn katako ka buga shi a karkace, daga saman wannan ƙafa zuwa ƙasan waccan. Yi haka a baya da gefuna biyu, ka bar gaba a buɗe. Abu mai kusurwa huɗu yana iya karkacewa in an tura shi, mai kusurwa uku kuwa ba ya motsi. Na sha ganin tebur mai kaurin ƙafa yana rawa don ba shi da tokari, na kuma ga na siraran katako ya shekara goma bai gezau ba. In ka kai wa kafinta aikin, faɗa masa wannan da bakinka, domin wasu sukan tsallake shi don ragin katako.

Buga allunan sama, sannan ka kafa ɗan siririn katako a bakin gaba, ya zama shinge, kada talabijin ta zamo.

Girkawa

Kafin ka ɗora komai, hau ka zauna a kai, ka jijjiga. In ya yi ƙara ko ya karkata, ƙara ƙusa, ka sake duba tokarin.

Shafa fenti ko baƙin mai a gindin ƙafafun, ka ɗora kowace bisa shimfiɗaɗɗen dutse ko guntun siminti, don kada ta taɓa ƙasa. Daga Yuni zuwa Satumba ɗaki yakan yi danshi, lokacin ne gara ke hawa. Riƙa leƙa ƙarƙashi, in ka ga ta fara gini ka kankare.

Bar tazarar santimita 10 tsakanin talabijin da bango don ta sha iska. Zarga igiya mai ƙarfi ko waya ta bayanta, ka ɗaure ga ƙarfen da aka kafa a bango. Bangon laka ba ya riƙe ƙaramar ƙusa, sai dogon ƙarfe da ya shiga sosai. Wayoyi duka su bi ta baya, inda hannun yaro ba ya kai. In da batirin hasken rana kake aiki, ajiye shi gefe, a wuri mai iska, kada ka rufe shi ƙarƙashin talabijin, domin yana fitar da iska mai kama wuta lokacin da yake caji.